Ragowar Mayafin Dadi

Karachi, Janairu 1986

Zuwa ga Fufi Jan Sarwat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, goggona, gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan sanyin Amroha, can Indiya, bai taso miki da ciwon gwiwar nan ba. Yaya ɗanki Mazhar da matarsa Shagufta? Mu nan lafiya lau, in ban da maigidana da likita ya hana shan zaƙi, shi kuma ya mai da satar halwa sana'a.

Albishirinki. Humaira, matar ɗana Suhail, tana da juna biyu. In Allah ya yarda, bayan ƙaramar salla zan zama kaka.

Kin san ita a Ingila aka haife ta, Urdunta har yanzu rarrafe yake yi. Ran nan da magariba aka ɗauke wuta, ta ɗauko kyandir ya ƙi kamawa. Ta zo tana nuna min tsakiyarsa tana faɗin wata kalma da Turanci, wai ya nutse. Na ce wane ne ya nutse? Ta ce wannan ɗan zaren, me ake ce masa da Urdu? Na ce mata batti sunansa. Ta yi ta maimaitawa tana dariya. Ni kuwa ina furta kalmar sai na ga hannun kakata Dadi, mahaifiyarki, tana murza lagwani a cinyarta, kamar jiya aka yi.

Na zaunar da yarinyar na ba ta labari. Na ce duk jaririn da aka haifa a zuriyar Dadi, ranar da ya kwana shida kakarsa za ta kunna lagwanin da aka yago daga farin mayafin Dadi, a cikin gidan da jaririn yake. Ta kife faranti a kan harshen wutar, ta kankare baƙin, ta kwaɓa da man shanu. Kwallinsa na farko ke nan. Da shi aka yi min, da shi aka yi wa Suhail da ƙanwarsa Nahid, lokacin Dadi na da rai ta aiko mana da lagwanin har nan. Humaira ta ce likita ba zai yarda a sa wa jariri komai a ido ba. Mun ɗan ja, daga baya muka shirya a kan ɗigo ɗaya a bayan kunne. Ban so ba, amma ɗanta ne.

To, Fufi Jan, kin ga inda na nufa. Tun rasuwar Abba ke kaɗai kika rage min cikin 'yan'uwansa, mayafin kuma yana akwatinki. Ki yago min na lagwani ɗaya.

'Yarki,
Rif'at

*

Amroha, Maris 1986

Riffo,

Allah ya raya ki, ya raya abin da ke cikin. Wasiƙarki ta daɗe a hanya, ta iso da alamar wasu sun riga ni karantawa a kan iyaka. Ina fata su ma sun ji daɗin labarin halwa. Gwiwa tana nan, ta zama 'yar gida. Mangwaro ya yi fure bana har ƙamshin yana sa ni atishawa.

Na yi dariyar surukarki. Yarinyar da ba ta san sunan lagwani ba, ina fata dai ta san sunan gishiri. Amma tunda ta tambaya, tana da hankali. Waɗanda ba sa tambaya su ne abin tsoro.

Yanzu ki gyara zama. Shagufta ma tana da ciki. Ki karanta layin nan sau biyu. Shekara goma sha wani abu muna jira, kin san sau nawa muka yi murna da wuri muka koma muka yi shiru. Wannan karon mun ɓoye har sai da ya fito da kansa. Ungozoma ta ce kusan lokaci ɗaya za su sauka da taki. Mazhar yana yawo a tsakar gida kamar wanda aka ba sarauta, ko tsintsiya ya hana matar ɗauka, ni da gwiwata nake shara.

Da na gama karanta takardarki na buɗe akwati. Riffo, abin da ya rage na mayafin bai kai faɗin yatsa biyu ba, tsawonsa kuma tafin hannu. Dadinki ta bar jikoki da tattaɓa-kunne ko'ina, kowa ya zo ya yaga, ni kuma ban taɓa iya cewa a'a ba. Na shimfiɗa shi na duba ko zai rabu biyu. In an raba, kowanne zai cinye kafin farantin ya yi duhu. Lagwani ɗaya ne, jarirai biyu.

Mazhar ya ce a kunna a nan, a aika miki da rabin kwallin a gwangwani. Na ce masa uwata ba ta taɓa aika kwalli a gwangwani ba kamar man takalmi. Wutar ce ake so ta ci a gidan, jaririn ya shaƙi hayaƙin. Ya ce ai duk al'ada ce, ba aya ba. Na ce na sani, shi ma gashin bakinsa ba aya ba ne, amma kullum yana gyara shi.

Na kwana biyu ina juya abin a raina. Na san jaririn da ya fi buƙatarsa, na kuma gama shawara. Kada wanda ya zo min da wata magana.

In kin sami mai zuwa ki aiko min da hoton yarinyar, in ga ko tana cin abinci.

Fufinki,
Sarwat Jahan

*

Karachi, Afrilu 1986

Fufi Jan,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya.

Na karanta layin sau biyu kamar yadda kika ce, na tashi na yi sujadar godiya. Allah ya sauki Shagufta lafiya. Wannan murnar daga zuciyata take, kada ki haɗa ta da abin da zan faɗa.

Na fahimci shawararki. Jaririn da aka daɗe ana jira, jikanki na cikinki, a gidan Dadi. Ko ni ce haka zan yi. Abin da ya yi min ciwo shi ne kashedin. Kada wanda ya zo miki da wata magana. Da wa kike, in ba ni ba? Wace magana kika ji tsoron zan kawo?

Ni ba a tambaye ni ba ranar da aka ɗora ni a jirgin ƙasa ina ƙaramar yarinya. Abba ya ce Pakistan, muka taho. A nan har yau in aka yi faɗan layin ruwa sai a tuna mana cewa zuwa muka yi. Ina haƙuri, saboda a raina ina cewa akwai wani gida da ba za a taɓa ce min baƙuwa ba. Ashe shi ma yana da layi, ni ce kuma a ƙarshe.

Ba komai. Kwalli cike yake a kasuwa, har mai hoton ido a jikin kwalba. Na gaya wa Humaira ta manta da zancen. Ta ce to, amma na ga jikinta ya yi sanyi, don ta riga ta rubuta wa uwarta a Ingila tana alfahari.

Ban yi fushi ba. Suhail ya karanta ya ce kada in aika da wannan takarda. Zan aika.

Rif'at

*

Amroha, Afrilu 1986
Ta hannun Kaniz

Riffo,

Gaisuwa a gurguje, mai tafiya tana tsaye a kaina da jakarta. Maƙwabciyata ce Kaniz, za ta Karachi bikin ɗan ƙanenta. Ban yarda da gidan waya a kan wannan ba. Ga ragowar mayafin nan cikin ƙullin hankici.

Kada ki wanke shi, ko kin ga ya yi ja. Ki zuba busasshen furen darbejiya a ciki, ki jiƙa yatsa, ki murza a cinya ta gefe ɗaya kawai. In kika kai kika komo zai warware. Man sarson, wato na mastad, za ki sa, ba wannan na gwangwani da kuke soya komai da shi ba. Farantin kuma kada ya matse wutar.

Na san za ki ce jaririn Mazhar fa. Jaririn Mazhar zai buɗe ido a ɗakin da Dadinki ta rayu, ya yi rarrafe inda ta taka, ya sha inuwar bishiyar da ta shuka. Ko bai so ba sai ya san ta. Naki me zai samu? Uwarsa 'yar Ingila, ubansa ɗan Karachi, kakarsa ta bar nan tun kafin ta iya dafa shinkafa. Shi ya fi buƙata.

Mazhar ya yi ta mita, shi ne na ja wa kunne. Shagufta ta ɗan yi hawaye, ba zan ɓoye miki ba, amma ita ta ƙulle hankicin da hannunta.

Ki ba Kaniz shayi kawai. In kika ba ta abinci ba za ta tashi ba.

Fufinki

*

Karachi, Mayu 1986
Ta hannun Kaniz Apa

Fufi Jan,

Barka da shan ruwa. Ban san da wace fuska zan gaishe ki ba.

Kwana kaɗan da jefa waccan takarda a akwatin gidan waya sai ga Kaniz Apa a ƙofa. Ta miƙo min hankici. Na kwance, na karanta, na zauna a ƙasa a wurin. Har na sa Suhail ya je ya roƙi ma'aikatan ko za su dawo da wasiƙar, suka yi masa dariya. In ta iso, don Allah ki jefa ta a murhu ba tare da kin buɗe ba. Na san za ki buɗe.

Na kai ƙyallen hancina. Har yanzu akwai ƙamshin akwatin, da wani abu a ƙarƙashinsa da na rantse na Dadi ne, ko da yake maigidana ya ce kafur ne kawai. Na nuna wa Humaira, ta riƙe shi da hannu biyu kamar zai fashe.

Amma ba zan iya ba. Tun da na karanta cewa Shagufta ta yi hawaye nake ganinta tana ƙulla hankicin nan. Matar da ta sha maganganun dangi shekara da shekaru, ta halarci sunan kowa tana murmushi, ta ga ana yagar mayafin nan ana ba 'ya'yan wasu yana ƙanƙancewa a idonta, yau nata ya zo a ce babu? Ni kuma da na zauna na rubuta miki rashin kunya, ni za a ba? Wutar ma ba za ta kama a hannuna ba.

Na mayar da shi. Na ɗinke shi a cikin gefen rigar Kaniz Apa, don kada ta yar. Ta ce bayan biki da kwana biyu za ta kamo hanya, zai iso da sauran lokaci.

Na ba ta abinci, ban ga gargaɗinki da wuri ba. Sai bayan isha ta tafi.

Ki yafe min.

'Yarki mai gajeren haƙuri,
Rif'at

*

Amroha, Yuni 1986
Ta hannun Hafiz Munir

Riffo,

Barka da salla. Mu nan lafiya, har mun ƙaru.

Wasiƙarki ta fushi ta iso. Na buɗe mana. Ban jefa ta a murhu ba, na adana ta, duk ranar da kewarki ta yi min yawa sai in ɗauko in karanta in ji sauƙi. Halin ubanki ne sak. Shi ma haka yake, kafin ka gama magana ya riga ya yi fushi ya huce. Amma zancen baƙuwa kada in sake ji. Shi kam ya taɓa ni.

Shagufta ba ta jira lokacinta ba. Tsakiyar azumi ta sauka, mace, 'yar mitsitsiya, sai murya kamar mai tallan kayan miya. Sunanta Sabahat. Uwa da 'ya lafiya. Mazhar ya yi kuka a gaban ungozoma, yanzu yana musu.

Ranar kwana shida ta zo. Ni a sanina ƙyalle yana Karachi, na kuma riga na shirya zuciyata. Na ce zan murza auduga kamar kowa. Na kawo kasko da mai da faranti ɗakin mai jego, na zauna a bakin gadonta ina tsinkar auduga. Sai na ji an kama gefen mayafina. Shagufta ce.

Ta ce, "Ammi, ranar da Dadi ta fara yagar nata, mayafin wa ta yaga?"

Na ce, nata mana.

Ta ce, "To."

Ta ci gaba da riƙe mayafin. Na ce ke, wannan tsohon mayafin da nake shiga kicin da shi, duk ƙaurin albasa? Ta ce shi take so.

Riffo, na ɗauki almakashi, da ƙyar na iya kai shi jikin yadin. Ba tsufa ba ne. Duk shekarun nan ni mai ajiya ce kawai, in buɗe akwatin uwata in yaga in rufe. Ina jin kamar tana nan a gabana, ni ina bayanta. Da almakashin ya ci, sai na ga ashe babu kowa a gabana tuntuni. Na ji tsoro, na kuma ji daɗi, ban san wanda ya fi ba. Lagwanin ya ci lafiya, kwallin ya yi baƙi ƙirin. Da na gama na ninke sauran mayafin na sa a akwati, inda na uwata yake zama.

Sai jiya ga Kaniz, ta yi ƙiba. Bikin kwana biyu ya zama na wata guda, daga can ta tsaya Lahore ta'aziyya, ta yi salla a can. Ta zauna tana farke gefen rigarta tana murmushi kamar ta kawo min kujerar Makka. Da na ga hankicin nan, Allah ne kaɗai ya hana ni jifanta da butar alwala, ita da ba ta da laifi. Ƙyallen nan ya fi ni yawo. Ya ga Karachi, ni ban gani ba.

Shagufta ta karanta abin da kika rubuta a kanta. Daga baya ta ce in gaya miki 'yarta ta riga ta sami nata, ba ta kuma son canji.

Ƙanen mijin Kaniz, Hafiz Munir, shi ya rako ta, gobe zai koma Karachi. Na sa masa hankicin a aljihu da hannuna. Ki yi addu'a surukarki ta fi tawa haƙuri, kada ta sauka kafin ya iso. In kuma kika sake dawo min da shi, zan zo da kaina in murɗe miki kunne, da biza ko babu.

Fufinki,
Sarwat Jahan

*

Karachi, Yuli 1986

Fufi Jan,

Assalamu alaikum. Ina sumbatar hannunki, ina sumbatar goshin Sabahat. Ki ce wa Mazhar duk Karachi ta ji labarin kukansa.

Namiji ne. Sunansa Nu'man. Humaira ta sha wuya amma ta tashi, har ta fara neman shayi irin na Turawa, ruwa-ruwa.

Saura kaɗan Hafiz Munir ya kashe ni. Ya aiko da takardarki ta hannun wani, ya manta da hankicin a aljihu, ya tafi wa'azi Hyderabad. Ana gobe kwana shida na hau mota na je gidansa da kaina. Matarsa ta riga ta tara kayansa za ta ba mai wanki. Na zube a kan tulin ina laluben aljihun malami a gaban iyalinsa, ban ko ji kunya ba. Yana cikin riga ta ƙarshe.

Bayan la'asar muka yi. Na sa aka kashe fanka aka rufe tagogi, a zafin nan, kowa yana zufa yana harara ta. Na zuba furen, na jiƙa yatsa, na murza ta gefe ɗaya. Yadin ya tsufa har ina jin zarensa yana neman rabuwa, na yi ta lallashinsa. Humaira ta ce ita za ta riƙe farantin, na ce mai jego ba ta wannan, ta ce ai ɗanta ne. Na bar ta.

Ashana ɗaya ya kama. Fufi Jan, ban san haka zai yi sauri ba. Ko ruwan shayi ba zai tafasa ba a lokacin. Na zuba masa ido yana gajarta, na san ina kallon ƙarshen abin da Dadi ta taɓa sawa a jikinta, kuma ni na kunna masa wuta. Na yi kuka sosai, ba na baƙin ciki ba. Hayaƙin ya zaga ɗakin, yaron ya yamutsa hanci ya yi atishawa. Da wutar ta mutu muka juya farantin, ya yi baƙi har gefe. Na kwaɓa, na ɗiga masa a bayan kunne. Humaira ta dube ni, ta miƙo ɗan yatsanta ta lakata, ta shafa wa idonta.

Yanzu saura magana ɗaya, kuma wannan karon na karanta takardarki a hankali kafin in amsa. Kin ce kin ninke mayafinki kin sa a akwati. Ki fito da shi. Ni na tuna abin da kika manta: Dadi ba ta ajiye nata ba sai da ta rasu. Da yagaggen bakinsa take yawo, kowace haihuwa yana ƙara gajarta, har muna yara muna tsokanarta cewa wata rana kunnenta zai fito. Ki yafa shi, ki shiga kicin da shi, ki share wa Sabahat baki da shi. Ki kuma riƙa shan maganin gwiwarki.

Nahid tana da ciki, da sanyi za ta sauka. Ƙannena biyu su ma sun aurar da 'ya'ya bana.

Ki riƙa yankawa siriri-siriri, Fufi Jan. Muna da yawa a nan.

'Yarki,
Riffo